Miji na ƙetare, mata ’yar Nijar: Wa zai tanadar mata fanshon tsufa?

Da zarar an gama girbi an kai gero da dawa rumbu, ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Makoda da Kunchi kan fara raguwa da mazaje. Wasu birnin Kano suke nufa, wasu Legas ko Fatakwal, su dawo da saukar ruwan farko. Wannan cin rani ne, kowa ya tashi ya tarar da shi.

Amma akwai waɗanda tafiyarsu ba ta rani ɗaya ba ce. Mai aikin gini a Jidda, direba a Yamai, ɗan tireda a Kumasi. Shekara biyar, goma, wani ma ashirin, gida sai dai aike da kiran waya.

A cikin gidajen da suka bari akwai matan da ba a wannan ƙasa aka haife su ba. Titin da ya tashi daga Kano ya ratsa Dambatta da Kazaure da Daura, shi ne ya tsallaka Kwangwalam ya shiga Matamaye ya nufi Damagaram, kuma auratayya a kan wannan hanya ta girmi iyakar da Turawa suka shata. Matar da aka auro daga Magarya ko Kance Hausa ɗaya take yi da maƙwabtanta, tuwo ɗaya suke tuƙawa. Ba wanda ke kiranta baƙuwa sai ranar da aka ce ta kawo takarda.

Tambayar da irin waɗannan magidanta ke fara yi idan furfura ta soma fitowa ita ce: mutum yana zaune a wata ƙasa, zai iya riƙa zuba wa matarsa ’yar wata ƙasa kuɗin fansho na raɗin kai, don ta samu abin riƙewa idan ƙarfi ya ƙare ko ta Allah ta kasance?

Amsar a taƙaice ita ce akwai hanya, amma ba ta bin igiyar aure. Sunan mutum da takardunsa take bi.

Gonar da ta daina isa

A wannan yanki, fanshon da aka gada gona ce da ’ya’ya. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano na daga cikin karkarar da ta fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda ake noma gona ɗaya duk shekara ba hutu, ana riƙe ta da takin gida da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Babu dajin da za a share a ƙara. Abin da kaka ya bari shi ake ta tsagawa, daga ’ya’ya zuwa jikoki.

Idan magidanci ya rasu, rabon matarsa a Shari’a sananne ne: tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas idan akwai ’ya’ya, ko rubu’i idan babu. Idan matan biyu ne ko huɗu, wannan kason ɗaya za su raba. A ƙaddara an biya bashi an fitar da wasiyya, dukiyar da ta rage ta kai Naira miliyan 8. Tumuni miliyan 1 ke nan. Mata biyu, kowacce dubu 500.

Rabon na Allah ne, kuma tsarin ya ɗora nauyin uwa a kan ’ya’yanta maza da danginta. Matar da aka auro daga ƙauyen maƙwabta tana da gadon gidan ubanta kusa, tana da ’yan’uwa da za su leƙo ta. Wadda ta zo daga Magarya kuwa, gonar ubanta tana can ƙetaren iyaka a hannun yayyenta, kuma bayan shekara talatin a gidan aure ba lallai ne ta koma ta ce a yanka mata ba. Idan ’ya’yanta mata ne duka, ko kuma ba ta haihu ba, zamanta a gidan bayan takaba ya rataya ne ga kirkin ’ya’yan kishiya.

Wani zai ce ai sai mijin ya bar wasiyya. A nan ma akwai shinge: a fiƙihu ba a yi wa magaji wasiyya sai da amincewar sauran magada, kuma mata magajiya ce. Abin da ya rage masa shi ne kyauta tun yana raye da lafiyarsa. A mazhabar Malikiyya da ake bi a Kano, kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Kuɗin da ya shiga asusun da ke ɗauke da sunanta ita kaɗai ya cika wannan sharaɗi ƙarara, saɓanin gonar da aka ce “taki ce” da baki alhali mijin ne ke nomanta.

Najeriya ba ta da fanshon kowa da kowa

Abu na farko da ke rikita masu zaman ƙetare shi ne zaton cewa akwai wani asusun gwamnati da kowane ɗan ƙasa ke da haƙƙi a ciki idan ya tsufa. Babu shi. Fansho a Najeriya na wanda ya yi aikin albashi ne, ko wanda ya buɗe asusu da kansa.

Dokar fansho ta 2004, wadda aka sauya da ta 2014, ta kafa tsarin karo-karo a ƙarƙashin hukumar PenCom: ma’aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, kuɗin su tafi asusun da ke da sunan ma’aikacin a wani kamfanin kula da fansho. Dokar ta yarda ma’aikaci ya ƙara zubi na raɗin kansa, amma cikin asusunsa ne, ba na matarsa ba. Jihar Kano kuma tana da nata asusun fansho da ta kafa da dokar 2006, na ma’aikatan jiha da ƙananan hukumomi ne kawai.

Manomi, mai ɗinki, mai ƙuli-ƙuli, duk ba sa cikin wannan lissafi. Don su ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho, Micro Pension, ranar 28 ga Maris, 2019. Ba a ƙayyade abin zubi ba: kullum, mako-mako ko wata-wata, gwargwadon hali, kamar adashin da mutum ke yi da kansa. A yadda aka fara shi, kashi 40 cikin 100 na abin da aka tara ana iya cira idan buƙata ta taso, kashi 60 kuma a kulle yake sai mai asusun ya kai shekara 50 ko rashin lafiya ta hana shi nema. A 2025 PenCom ta sake masa fasali da suna, ya koma Personal Pension Plan.

Wannan shi ne mafi kusa da abin da magidancin Jidda ke nema. Matar da ke soya ƙuli-ƙuli ko tatsar man gyaɗa a cikin gida mai sana’a ce a idon tsarin. Asusun a buɗe da sunanta, shi kuma ya riƙa turo abin zubi.

Sai dai sharuɗɗan da kamfanonin fansho suka riƙa bayyanawa a farkon shirin sun haɗa da cewa mai buɗe asusu ya zama ɗan Najeriya da ya kai shekara 18, yana da halastacciyar hanyar samun kuɗi. Kuma ba a buɗe asusun fansho a yau ba tare da lambar NIN ba. A nan ne matar da ta shekara talatin tana shan ruwan Dambatta take komawa baƙuwa.

Aure kaɗai ba ya mayar da ita ’yar ƙasa

Mutane da dama na ɗauka cewa da an shafa fatiha, matar ta bi mijinta har a ƙasa. Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ce haka ba. Sashe na 26 ya ba macen da ta auri ɗan Najeriya damar neman a yi mata rajistar zama ’yar ƙasa, amma sai ta nema, a gamsu da halinta da niyyarta ta zama a ƙasar, ta kuma yi rantsuwar mubaya’a. Takardun ta Ma’aikatar Harkokin Cikin Gida suke bi, kuma shaidar aure a rubuce na cikin abin da ake fara tambaya. Auren da aka ɗaura a zauren liman shekara talatin da suka wuce, shaidarsa goro ne da mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sai an koma an nemi takarda a hukumance tun sauran shaidun na raye.

Ba sai ta bar ƙasarta ta haihuwa ba. Sashe na 28 ya kyale wadda ta samu ƙasar farko ta hanyar haihuwa ta riƙe ta.

Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Sashe na 25 ya ce duk wanda aka haifa a wajen Najeriya, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa. A yankin da aka daɗe ana kai amarya arewa ana kawo wata kudu, matan da ake kira ’yan Nijar da yawa uwarsu ’yar Daura ce ko Babura. Irin wannan mata ba rajistar aure take buƙata ba, hujjar asalin mahaifiyarta take buƙata.

Abin lura, damar sashe na 26 ta mata ce kawai. Bakanuwar da ta auri Ba’adare ko Badamagare ba za ta iya jawo mijinta ta wannan hanya ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da ya nemi daidaita hakan.

Baƙon da ke zaune a Najeriya bisa ƙa’ida yana iya samun NIN da takardar izinin zamansa. Abin da ya kamata a guje wa shi ne gajeriyar hanyar da wasu ke bi, ta rubuta wa mace ƙauyen miji a matsayin mahaifarta don a huta da tambayoyi. Ban da kasancewarsa laifi, asusun fansho abu ne da za a zo karɓa bayan shekara ashirin, kuma ranar biya ce ranar da ake tsefe kowane saɓani na suna da ranar haihuwa.

Idan su biyun duk suna waje

Wani lokacin matar ba a ƙauye take ba, tana tare da shi a Makka ko Jidda, kuma niyyarsu idan sun tsufa su dawo gida.

Ƙasar da suke zaune ba za ta tallafe su ba. Tun 1987 Saudiyya ta cire baƙin ma’aikata daga ɓangaren fansho na hukumarta ta GOSI, ta bar musu inshorar haɗarin aiki kawai. Abin da baƙo ke tashi da shi shi ne kuɗin sallama: albashin rabin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan na wata guda a kan kowace shekara bayan nan. Wannan ma ga mai iƙama da kwantiragi ne. ’Yan Takari da ke aiki ba takarda ba su da ko wannan, kuma duk ranar da aka kama mutum, da kayan jikinsa ake sako shi jirgi.

Daga ɓangaren Najeriya an fara buɗe ƙofa ga mazauna waje. A 2025 Babban Bankin Najeriya ya fito da asusun banki na musamman domin su, da hanyar samun lambar BVN ba sai an zo gida ba. A shekarar dai PenCom ta fitar da ƙa’idar zubin fansho da Dalar Amurka. Waɗanda ƙa’idar ta yi wa tanadi su ne ’yan Najeriya masu zama da aiki a waje, da masu aiki a cikin Najeriya da ake biyansu da kuɗin waje. Mijin ya shiga rukunin farko. Matarsa ’yar Nijar ko ’yar Chadi da ke zaune a Jidda, wadda ba a yi mata rajistar ’yar ƙasa ba, ba ta shiga ko ɗaya ba.

Zai iya tarawa da sunansa, amma ya san abin da hakan ke nufi. Idan ya rasu, kuɗin gado ne. Rubuta sunan mace a gurbin makusancin da za a tuntuɓa bai mayar da ita mai kuɗin ba. Kamfanin zai nemi takardar kotu ta rabon gado, a ƙarshe ta koma kan tumuninta.

Ga wanda ya yi aikin albashi a Nijar kuwa, hukumar CNSS ta can tana da nata fansho. A 2013 ƙungiyar ECOWAS ta amince da yarjejeniyar da ke nufin a riƙa haɗa wa ma’aikaci shekarun da ya yi aiki a ƙasashen ƙungiyar daban-daban. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirgar mutanen ƙasashen uku har sai an yanke wani hukunci. Amma wanda ya ga yadda aka garƙame iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, ya san abin da aka bari a kan “har sai an yanke hukunci” ba abin jingina tsufa ba ne.

Ko a Turai haka abin yake

Kada a ɗauka wannan taurin kan Najeriya ne. Likitoci da ma’aikatan jinya ’yan Kano da suka yi aiki a Birtaniya suka dawo sun san labarin. A can ana buƙatar shekara 10 ta zubi kafin a samu komai daga fanshon gwamnati, da shekara 35 kafin a samu cikakke. Wanda ya bar ƙasar yana iya ci gaba da zubi don raɗin kansa daga waje, idan ya cika sharaɗin zama ko zubi na baya. Tun sauyin 6 ga Afrilu, 2016, fanshon na bin tarihin zubin mutum ne shi kaɗai, don haka matar da ba ta taɓa zama Birtaniya ba ba ta da asusun da miji zai cike mata.

Hanyar ma sai ƙara ƙuntata take. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, zubi mai rahusa Fam 3.50 ne a mako, mai tsada Fam 17.75. A kasafin Nuwamban 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da rufe mai rahusar ga mazauna waje daga Afrilun 2026, ta kuma ɗaga sharaɗin shiga daga shekara 3 zuwa 10. Wanda ya dawo Najeriya ya zauna kuma, fanshonsa a daskare yake, ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa mazauna can.

Japan ta fi fitowa fili. Ɗan ƙasar da ya koma waje yana iya ci gaba da zubi na raɗin kai, amma matarsa baƙuwa da suka fita tare ba ta da wannan dama.

Akuya ko asusu?

Ko da takardu sun kammala, sauran tambayar da dattijuwa a ƙauye za ta yi, kuma tana da gaskiya: me ya sa za ta kai kuɗinta inda ba ta gani, alhali ga akuya tana haihuwa a tsakar gida?

Wanda ya tara Naira kafin watan Yunin 2023, lokacin da Dala take kusan 460 a farashin gwamnati, ya ga ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ribar da yawancin asusun fansho suka samar a wannan shekara ba ta kamo wannan gudu ba. Tunkiya da zinare da buhun gero sun bi farashi sun tashi. Matar da ke ajiye ’yan jikkunan Sefa a ƙasan akwati ma ta fi mai Naira kwanciyar hankali. Ba mamaki shi ya sa zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suka yi rajistar ƙaramin fansho a duk faɗin ƙasar ba su kai dubu 200 ba, alhali masu asusun fansho na albashi sun haura miliyan 10.

Ga kuma batun riba. Mafi yawan kuɗin fanshon Najeriya a takardun bashin Gwamnatin Tarayya ake juya su, kuma kuɗin ruwa suke haifarwa. A 2021 PenCom ta fito da rukuni na shida, wanda ba ya ta’ammali da kuɗin ruwa, ana zuba shi a irin su Sukuk da gwamnati ke gina tituna da shi tun 2017. Mai buɗe asusu sai ya tambayi kamfanin da bakinsa a wane rukuni za a sa kuɗin, ya ga amsar a rubuce, domin ba a kai mutum can sai ya nema.

Amma akuya tana da nata rauni, kuma matan karkara sun fi kowa saninsa. Ita ake fara kamawa idan bikin ’ya ya zo, ko taki ya yi tsada, ko aka kwantar da wani a asibiti. Ciwon dabbobi kan share garke a damina ɗaya. Ranar rabon gado kuma, sau da yawa sai an yi rantsuwa kafin a yarda cewa tumakin da ke turken gida na matar ne ba na mamaci ba. Fa’idar asusun ba yawan riba ba ce. Kason da aka kulle ba mai iya taɓa shi, ko mijin da ya zuba, ko ɗan da ya matsu, ko ita kanta kafin lokaci.

Lissafin ba mai girma ba ne. Naira 2,000 a mako ita ce 104,000 a shekara, sama da miliyan 1 a shekara goma kafin a sa riba. Ba za ta riƙe mutum ita kaɗai ba. Gefen garke da ’yar sana’a, tana iya zama kuɗin magani da cefanen da ba sai an roƙa ba.

Mai mata biyu kuma ya san idan ya buɗe wa ɗaya, ya jawo maganar da sai ya buɗe wa ɗayar, ko da ita ’yar gari ce mai gonar gado a bayan gida.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata irin wannan shiri tun ba a je ko’ina ba, wato layin waya. Saƙon shigar kuɗi da duk wata sanarwa ta lambar da aka yi rajista da ita suke zuwa. A gidaje da yawa wayar da matar ke riƙewa da NIN ɗin miji ko na babban ɗa aka yi wa layinta rajista, wani lokacin ma layin Nijar ne da take kiran danginta da shi. Idan layin ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya kan sake sayar da lambar ga wani. Kuɗin na nan a asusu, amma mai su ba ta ƙara jin ɗuriyarsu, kuma a cikin gidan ba wanda ya san sunan kamfanin da aka buɗe asusun sai mijin da ke Jidda.